Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Antoni-Janar Na Jihohin Arewa 19

Masu girma Antoni-Janar kuma Kwamishinonin Shari'a,

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya yi muku jagora a kan nauyin da kuka ɗauka.

Na zaɓi in yi muku magana a bainar jama'a ne saboda abin da zan taɓo iko ne da kundin tsarin mulki ya ajiye a ofishinku da sunan jama'a, alhali mafi yawan jama'ar ba su ma san da shi ba. Sashe na 232 na kundin 1999 ya ce idan saɓani ya taso tsakanin jiha da tarayya a kan wani haƙƙi na doka, Kotun Ƙoli ce kaɗai ke da hurumin sauraren maganar tun daga tushe. Talaka idan gwamnatin tarayya ta cuce shi, daga Babbar Kotu zai fara, ya haura Kotun Ɗaukaka Ƙara, in yana da sauran kuɗi da sauran kwana ya isa Kotun Ƙoli bayan shekaru. Ku kuwa kai tsaye kuke shiga, kuma da sunan ofishinku takardar take fita: Antoni-Janar na jiha kaza yana ƙarar Antoni-Janar na Tarayya.

Mun ga abin da wannan ikon zai iya yi a 2023. Ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, yana kafa hujja da cewa sama da kashi 80 cikin 100 na tsabar kuɗin ƙasar suna wajen bankuna. Sababbin takardu suka fara fita ranar 15 ga Disamba. Aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Aka kwashe tsofaffin daga hannun mutane, sababbin kuwa sai dai a gani a hoto.

Kun san abin da ya biyo baya, amma zan ɗan tuna muku, don zaman ofis yana sa mantuwa. A unguwarmu mai POS yana cire dubu biyu a kan dubu goma, shi ma sai ka haɗa da magiya. Layin banki tun kafin kiran assalatu yake somawa. Mai kayan miya, wadda ba ta da asusun banki balle wayar da za ta ga shigowar kuɗi, tana zaune tumatirinta yana ruɓewa, ga masu saye tsaye a kanta, kowa da kuɗinsa a banki, amma babu mai iya miƙa mata ɗari uku. A kasuwar dabbobi farashi ya rabu biyu, na mai tsaba daban, na mai taransfa daban, kuma makiyayin da ya koro sa daga ruga ya gwammace ya faɗi da dubbai ya karɓi abin da zai ƙirga da hannunsa. A garuruwan bakin iyaka wasu suka koma ciniki da sefa.

A farkon Fabrairu jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka shigar da ƙara a Kotun Ƙoli. Ranar 8 ga watan, alƙalai bakwai ƙarƙashin Mai Shari'a John Okoro suka ba da umarnin wucin gadi cewa kada a aiwatar da wa'adin. Antoni-Janar na Tarayya, Abubakar Malami, ya ce kotun ba ta da hurumi, magana ce ta Babban Banki, a tafi Babbar Kotun Tarayya. Shugaba Buhari ya fito ranar 16 ga Fabrairu ya ce tsohuwar Naira 200 kaɗai za ta ci gaba da aiki, kamar ba a yi umarnin ba. Kano da Katsina da Sakkwato da Jigawa da Neja da Legas da wasu suka shigo cikin ƙarar. Ranar 3 ga Maris Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta hukunci: ba a ba jama'a isasshen lokaci kamar yadda dokar Babban Banki ta tanada ba, ba a tuntuɓi waɗanda ya kamata a tuntuɓa ba, don haka tsofaffin takardu za su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba, 2023. Kotun ta kuma tsawata wa shugaban ƙasa a kan bijire wa umarninta. Sai da aka ƙara kwana goma kafin Babban Banki ya sanar da cewa ya bi. Daga shigar da ƙara zuwa hukunci, wata guda.

Abin lura a nan, harkar kuɗi tana cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. Babu majalisar jihar da za ta buga Naira. Duk da haka kotun ta saurari jihohi ta kuma ba su gaskiya, domin kasancewar abu na tarayya bai ba tarayya damar yin sa yadda ta ga dama ba tare da bin doka ba. Wannan hukunci yana nan a rubuce, kuma ku ne kuka samo shi.

To amma ranku ya daɗe, mu faɗa wa juna gaskiya. Gwamnonin jihohin nan uku da suka fara shigar da ƙarar, Nasiru El-Rufa'i da Yahaya Bello da Bello Matawalle, duk 'yan APC ne a lokacin, zaɓen shugaban ƙasa kuma yana tafe ranar 25 ga Fabrairu. El-Rufa'i da bakinsa ya faɗa a talabijin cewa akwai wasu a fadar shugaban ƙasa da ke yi wa jam'iyyarsu zagon ƙasa. Ban ce wannan ya ɓata aikin ba. Mai kayan miya ba ta tambayi niyyar kowa ba ranar da tsohuwar ɗari biyar ta dawo hannunta. Tambayata ita ce, da a ce babu zaɓe a gaba, da a ce wahalar talaka ce kaɗai ba tare da ta taɓa lissafin gwamna ba, za ku je kotun?

Ina da dalilin tambaya. A Nuwamban 2019, ana tsakiyar rufe iyakokin da aka fara a watan Agusta, hukumar Kwastan ta fitar da umarnin hana kai man fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Jibiya, Illela, Kamba, Maigatari, duk abin ya rutsa da su. Gidajen mai masu lasisi suka rufe, ɗan acaɓa da mai injin niƙa da manomin rani mai injin ban ruwa suka koma hannun 'yan bumburutu, a garuruwan da suke cikin Najeriya, mutanensu kuma 'yan Najeriya ne masu biyan haraji. An ce don a hana fasa-ƙwauri ne. To, a kama masu fasa-ƙwaurin mana. Wace doka ce ta ba wata hukuma damar hana gari guda sayen halal da takardar umarni kawai? Wannan tambaya ce ta shari'a tsantsa, irin wadda aka kafa ofishinku don yin ta. Mutanen waɗannan garuruwa koke suka yi ta yi a rediyo, 'yan majalisa suka yi ta gabatar da ƙudurin roƙo, aka daɗe a haka. A lokacin yawancin gwamnoninku jam'iyyarsu ɗaya da shugaban ƙasa, kuma babu kujerar kowa da ke girgiza.

Haka nan madatsar ruwan Alau da ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri da Jere. Madatsar tana ƙarƙashin hukumar tarayya ce, kuma ta taɓa yin irin wannan ɓarna a 1994. An kai gudummawa, Allah ya saka wa masu bayarwa da alheri. Amma gudummawa daban, haƙƙi daban. Wa ke da alhakin kula da madatsar, nawa aka ware don gyaranta a kasafin shekarun baya, ina aka kai kuɗin? Kwamitin bincike yana iya rubuta rahoto a ajiye shi a durowa. Kotu kuwa tana iya tilasta wa ma'aikata su kawo takardu su yi bayani bayan sun yi rantsuwa.

Idan kuwa abin ya taɓa gwamnoni, sai mu ga ƙwazo. A 2020 Buhari ya sa hannu a umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10, wanda ya nemi a riƙa cire kuɗin kotunan jihohi da majalisun jihohi daga tushe a ba su kai tsaye idan gwamna ya ƙi saki. Jihohi 36 ba wadda ta yi nawa, duk suka tafi Kotun Ƙoli, kuma a Fabrairun 2022 kotun ta soke umarnin, ta ce shugaban ƙasa ya wuce gona da iri. A doka kun yi nasara, kuma ina ganin hukuncin daidai ne, don shugaban ƙasa ba ya gyara kundin tsarin mulki da biro. Sai dai abin da umarnin ya so gyarawa, wato sashe na 121 da ya ce a ba ɓangaren shari'a kuɗinsa a hannunsa, yana nan yana jiran ku. A 2021 ma'aikatan kotuna sun garƙame kotunan ƙasar nan wajen wata biyu a kan wannan magana, masu jiran shari'a suna tsare a gidan yari. Ku ne kwamishinonin shari'a a jihohin da aka yi hakan.

Sai ƙarar da Kogi ta jagoranta tana neman a ce dokar da ta kafa EFCC ba ta halatta ba, wasu jihohi, har da na Arewa, suka mara mata baya. Ana cikin sauraren ƙarar ne EFCC ke neman tsohon gwamnan jihar bisa tuhumar almundahanar sama da Naira biliyan 80. Ranar 15 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yi fatali da ƙarar. Tun a 2002 kotun ta riga ta tabbatar da ikon tarayya na yaƙi da rashawa a ƙarar da Ondo ta kai a kan dokar ICPC, don haka duk lauyan da ya karanta wancan hukunci ya san inda za a kwana. Wani abu da ya faru a gefen wannan ƙara ya fi hukuncin kansa tsaya mini a rai. Gwamnan Binuwai, Hyacinth Alia, ya dakatar da Antoni-Janar ɗinsa saboda ya shigar da jihar cikin ƙarar ba da saninsa ba. Ko mutum yana ganin gwamnan ya yi daidai ko bai yi ba, abin ya nuna mana yadda kujerarku take: wanda ya naɗa ku yana iya sallamar ku kafin la'asar.

Na san wannan ita ce amsar da za ku ba ni, kuma ban raina ta ba. A Amurka, a jihohi 43 cikin 50 jama'a ne ke zaɓen Antoni-Janar, shi ya sa za ka ga gwamna daga wata jam'iyya, Antoni-Janar daga wata. A Janairun 2017 da Trump ya hana 'yan ƙasashe bakwai shiga ƙasar, ciki har da Sudan, Antoni-Janar na jihar Washington, Bob Ferguson, ya je kotu cikin 'yan kwanaki, wani alƙali a Seattle ya dakatar da umarnin ranar 3 ga Fabrairu. Daga baya, a 2018, Kotun Ƙolinsu ta amince da sigar umarnin ta uku. Su ma can siyasa cike take da abin, 'yan Republican su yi ta ƙarar shugaban Democrat, in mulki ya juya su ma a yi musu. Bambancin shi ne mai ƙarar yana komawa gaban masu zaɓe ya yi bayani. A nan an taɓa yunƙurin raba ofishin Antoni-Janar da na ministan shari'a a gyaran kundin da Shugaba Jonathan ya ƙi sa wa hannu a 2015, maganar ta bi ruwa. Amma ko a yadda ake yanzu, rantsuwar da kuka yi ta kare kundin tsarin mulki ce, kuma sai lauya ya shekara goma yana aiki kafin ya cancanci kujerar. Wanda ya kai nan ya isa ya shiga ofishin gwamna ya ce masa wannan ƙarar ba ta da tushe, ga wata can da mutanenmu ke buƙata.

Ku dubi Legas. Ba don ina ganin sun fi mu wayo ba, sai don sun mayar da zuwa kotu aiki na yau da kullum. A 2003 sun ci tarayya a kan ikon tsara birane. A 2004 da Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumominsu saboda gwamna Tinubu ya ƙirƙiri sababbi 37, Antoni-Janar ɗinsu, Yemi Osinbajo, ya je Kotun Ƙoli, a watan Disamba kotun ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, ko da yake sababbin ƙananan hukumomin ba su kammalu ba sai Majalisar Tarayya ta sa su a kundi. Obasanjo bai saki kuɗin duka ba, sai da marigayi 'Yar'aduwa ya hau a 2007. A 2013 sun ci a kan rajistar otal-otal. A Nuwamban 2024 sun ci a kan dokar caca, ƙarar da suka shigar tun 2008, shekara goma sha shida suna bibiya, gwamnoni suna zuwa suna wucewa. Sun kuma sha kaye, kamar a shari'ar hanyoyin ruwa. Tun kafin su, tsohuwar jihar Bendel ta Ambrose Alli ta sa Kotun Ƙoli ta soke dokar rabon arzikin ƙasa da Shugaba Shagari ya sa wa hannu a 1981, saboda kwamitin haɗin gwiwa ne ya zartar da ita ba tare da an mayar wa majalisun biyu ba. A haka dokokin tarayyar Najeriya suka ginu, kuma yawancin tambayoyin da aka kai wa alƙalai buƙatun wasu ne suka haife su. Ribas ta yi nasara a Babbar Kotun Tarayya a kan harajin VAT a 2021, maganar da ta shafi albashin kowane malamin firamare a Arewa. Namu abin da muka fi iyawa shi ne taro a Kaduna da sanarwar bayan taro.

Ba ina cewa ku ruga kotu da kowace magana ba. Kano ta gwada a 2006, lokacin da tarayya ta haramta Hisbah 'yan sanda suka kama shugabanninta, a 2007 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar, ta ce rigimar da Sufeto-Janar na 'Yan Sanda da wani minista ce, ba da tarayyar kanta ba, don haka ba nan ne wurin kawo ta ba. Filato ma ta kai ƙara a kan dokar ta-ɓacin da aka sa mata a 2004, aka kore ta ba tare da an taɓa gundarin maganar ba. Waɗannan hukunce-hukunce suna koyar da cewa sai an zauna an tantance wane haƙƙi na jiha aka taka, wa za a kai ƙara, a wace kotu. Wata maganar, kamar ta Alau, mai yiwuwa Babbar Kotun Tarayya ce gidanta. Wannan aikin ƙwararru ne da suke zaune a ma'aikata shekara da shekaru, ba na babban lauyan da za a ɗauko daga Abuja a biya shi miliyoyi idan gwamna ya fusata ba. A ma'aikatunku akwai matasan lauyoyi masu ƙwaƙwalwa da ke zaune suna jiran a turo musu fayil daga ofishin 'yan sanda.

Saura magana guda, kuma ita ce mai ɗaci. A 2024, ku ne aka kai ƙara. Antoni-Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya gurfanar da jihohi 36, Mai Shari'a Agim ɗin nan da ya ba ku gaskiya a kan Naira ya karanta hukunci ranar 11 ga Yuli cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rusa zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Akwai lauyoyin da ke ganin hukuncin ya tsallake sashe na 162 da ya ambaci asusun haɗin gwiwa, kuma muhawara ce mai ma'ana. Amma hukunci ne na Kotun Ƙoli. Abin da muka gani bayansa shi ne zaɓukan gaggawa inda jam'iyyar gwamna ke lashe kusan kowace kujera, da jan ƙafa wajen aiwatarwa daga ɓangarorin biyu, da neman dabarar dawo da kuɗin ta bayan gida. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ya yi kukan Buhari ya bijire wa kotu a Fabrairun 2023 ba shi da bakin rubuta wa gwamnansa shawarar yadda zai zagaye hukuncin Yulin 2024. Duk ranar da kuka koya wa gwamna cewa hukuncin Kotun Ƙoli abin ciniki ne, kun rage darajar wanda za ku samo gobe a kan tarayya.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Gwamnoninku suna da dandalinsu, sarakuna suna da majalisarsu, ku ma ku riƙa zama a tsakaninku a kai a kai, da ƙaramin ofishi na dindindin da zai riƙa karanta duk wata doka da umarni da ke fitowa daga Abuja, ya auna yadda za su taɓa manomi da ɗan kasuwa da ɗan bakin iyaka, tun kafin a fara aiwatarwa. Ku buɗe hanyar da ƙungiyar 'yan kasuwar Dawanau ko ta masu gidajen mai a Illela za su kawo muku koke a rubuce su samu amsa a rubuce. Sannan kowace jiha ta wallafa jerin ƙararrakin da take da su da tarayya, waɗanda ta shigar da waɗanda ta shiga, da matsayin kowace, da abin da aka biya lauyoyin waje. A fitar da shi da Hausa da sauran harsunan jihar, a karanta a gidan rediyon jiha, mu ji abin da ake kai ƙara a kansa da sunanmu.

Allah ya taimake ku, ya ba ku ikon yin adalci.

Wassalam,
Wani ɗan Arewa mai bibiyar shari'u,
daga Zariya.